ALHAJI DOKTA ALIYU NAMANGI ZARIYA (1894-1990): MALAMIN DA YA YI KARATU DA KUNNE

Gabatarwa

Ina miƙa godiya ga kwamitin wannan mujalla tamu mai albarka da ya ba ni filin tarihin magabata na bana. Na zaɓi in kawo mana tarihin Alhaji Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji. Na tabbata duk wanda ya zauna ajin Hausa a makarantarmu ya san wannan suna. Sai dai abin da nake so mu duba tare a yau shi ne, ta wace hanya mutumin da bai taɓa ganin baƙi a kan takarda ba ya zama malami, har masu ido suka riƙa yin digiri a kan abin da ya bari? Amsar wannan tambaya ta shafi yadda muke rubuta takardunmu a kwamfuta da wayar hannu, ta kuma shafi wasu daga cikinmu da girma ya fara taɓa musu gani.

Haihuwarsa Da Ƙuruciyarsa

An haifi Malam Aliyu a shekarar 1894 a ƙasar Zazzau. A lokacin Turawa ba su iso ba tukuna, domin sai a 1902 suka kafu a Zariya, yana ɗan shekara takwas ke nan. Tun yana jinjiri Allah ya jarrabe shi da rashin gani, kuma masu ba da tarihinsa suna danganta abin da ciwon ƙyanda da agana.

Yaranmu na yanzu ba su san agana ba, sai dai labari. Amma mu da muka taso a ƙasar Jahun mun riski tsofaffi masu zanzana a fuska, wasu kuma ta tafi da idonsu ɗaya ko duka biyu. Sai a 1967 aka ƙaddamar da gagarumin lamba na agana da ƙyanda a ƙasashen Afirka ta Yamma, kuma da yawa daga cikinmu har gobe muna ɗauke da tabon lamba a damtse. A 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar cewa an kawar da agana daga doron ƙasa. Malam Aliyu yana raye aka yi wannan sanarwa, yana da shekara 86. Cutar da ake cewa ta rufe masa ido ta riga shi barin duniya.

A wancan zamani, idan yaro ya makance, hanyar da aka fi sa masa ido a kai ita ce ta bara. A nema masa sanda da ɗan jagora, ya shiga jama'ar makafi ƙarƙashin Sarkin Makafi, wanda sarauta ce sananniya a manyan garuruwan ƙasar Hausa. Malam Aliyu kuwa hanyar ilmi ya kama, kuma bai sake ta ba har ƙarshen rayuwarsa.

Yadda Ya Yi Karatu

Ya kamata mu tuna irin tsarin karatun da ya tarar. Zariya gari ne da ya yi suna wajen ilmin addini da na Larabci, ɗalibai suna zuwa daga ko'ina don ɗaukar karatu a zaurukan malamanta. A makarantar allo, malami shi ke biya wa yaro, yaro ya maimaita da ƙarfi har ya zauna masa. A makarantar zaure kuwa, inda ake karanta littattafai irin su Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala da Ishiriniya, ɗalibi yana jan baƙi a bayyane, malami yana fassarawa da Hausa gaɓa-gaɓa, duk wanda ke zaune a zauren yana ji. Watau kowane littafi sai ya bi ta bakin mutum kafin ya shiga kan ɗalibi.

Wannan tsari shi ne ya buɗe wa Malam Aliyu ƙofa. Mai ido yana da takarda da zai koma ya duba in ya manta, shi kuwa ba shi da ma'aji sai ƙirjinsa. Saboda haka abin da wani zai saurara sau ɗaya ya tashi, shi sai ya riƙe shi, ya yi ta tilawarsa. Da haka ya sami Alƙur'ani, ya sami fiƙihu da tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kuma san ma'aunin waƙa na Larabawa har ya iya ɗora Hausa a kansa. Ba shi ne farau ba a tarihin Musulunci, domin Imam Shaɗibi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1194, makaho ne, kuma har yau waƙarsa ce jagorar masu koyon ƙira'o'in Alƙur'ani.

A nan akwai abin lura. Basira da naci na Malam Aliyu ne, Allah ya ba shi. Amma duk basirar makaho, littafin da ke rufe a cikin gafaka ba zai yi masa magana ba. Dole akwai waɗanda suka zauna suka karanta masa, suka maimaita masa ba tare da ƙosawa ba. Ba a jin sunayensu a ajin Hausa, amma suna da kaso a cikin kowane baiti da ya bari.

A can ƙasar Faransa kuwa, wata hanyar aka bi. Wani yaro mai suna Luwi Birel, wanda aka haifa a 1809, ya soke idonsa a shagon dukanci na mahaifinsa yana ɗan shekara uku, daga baya duka idanun suka tafi. A 1824, yana da shekara 15, ya tsara rubutun makafi na ɗigo shida masu tudu da ake shafawa da yatsa, aka buga bayaninsa a 1829. Wannan rubutu ya daɗe bai wadata a ƙasarmu ba. Makarantar makafi ta farko a Nijeriya, watau ta Gindiri a Jihar Filato ta yanzu, sai a 1953 'yan mishan suka buɗe ta, lokacin Malam Aliyu ya doshi shekara sittin, ya riga ya zama malami da kunnensa.

Waƙoƙinsa

Babban aikinsa da duniya ta san shi da shi shi ne Imfiraji. Kalmar daga Larabci take, tana nufin yayewar ƙunci da samun buɗi bayan tsanani. Waƙa ce doguwa ƙwarai, wadda aka buga kashi tara, kuma ya ɗora ta a kan karin da masana ke kira Ramal. A cikinta akwai begen Annabi, da wa'azi a kan mutuwa da kwanciyar kabari da hisabi, da jan kunne game da ruɗin duniya, da gyaran halayen maza da mata a zaman yau da kullum. Akwai ɓangaren da aka fi sani da Tsarabar Madina, wanda masu bege ke matuƙar ƙauna. Ban da Imfiraji yana da Nuniya, wadda ta ƙunshi tarihin Manzon Allah, yana kuma da Waƙar Keke, inda ya nuna cewa malami ma ya iya raha.

Abin da ya bambanta shi da wasu marubuta shi ne sauƙin harshe. Hausarsa ta zaure ce da kasuwa, wadda tsohuwa a cikin gida za ta fahimta ba sai an yi mata fashin baƙi ba. Ina ganin dalili a fili yake. Mutumin da ya karɓi ilmi ta kunne ya san abin da kunne ke iya ɗauka. Ya san inda numfashi ke tsayawa, ya san kalmar da ke zama a zuciya da wadda ke zamewa. A ka yake tsara baitocinsa, ya riƙe su, sa'an nan ya yi shifta, masu ido su rubuta. Kamar yadda wasu suka ara masa ido ya yi karatu, haka wasu suka ara masa hannu ya yi rubutu.

An buga waƙoƙin da boko a Zariya, kuma kamfanin NNPC da aka kafa a 1966 ya yi ta maimaita bugunsu, suka shiga makarantu tare da na su Sa'adu Zungur da Aƙilu Aliyu da namu na gida Mu'azu Haɗeja. Ta haka suka iso ajinmu. Amma kafin littafin ya iso Jahun, waƙar ta riga shi zuwa. Na san 'yan ajinmu za su tuna da makafin da ke zama a bakin tasha da ranar kasuwa, ɗaya yana ja saura suna amsawa, jama'a sun kewaye su. Sau da yawa Imfiraji suke rerawa. Na tuna ranar da malaminmu na Hausa, Allah ya saka masa da alheri, ya fara biya mana ita a aji, sai muka ga ashe rabin ajin sun iya karin tun daga gida, har ya ajiye littafin ya bar mu muka rera. Makafin nan ba su taɓa riƙe littafin NNPC ba, amma su ne suka kai waƙar lungunan da littafi bai je ba. Daga baya rediyo da kaset suka karɓa, yau kuma tana cikin wayoyin mutane.

Girmamawa Da Rasuwarsa

Allah ya nufi Malam Aliyu da sauke farali, ya kuma ja kwanansa har ya ga amfanin aikinsa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na Dokta, abin da ya sa ake kiransa Dokta Aliyu Namangi. Ɗalibai da yawa sun rubuta kundayen digiri a kan waƙoƙinsa, har masana daga Ingila da Amurka sun yi nazarinsu. Ku duba ikon Allah, mutumin da bai taɓa zama a benci ba, ga shi masu manyan riguna na jami'a sun taru sun yi masa mubaya'a. Ya rasu a 1990 yana da kimanin shekara 96, saura shekara guda a ƙirƙiro Jiharmu ta Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano a ranar 27 ga Agusta, 1991. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Mai Karanta Wa Makaho A Yau

To, 'yan'uwa, aikin da almajiran zaure suka yi wa Malam Aliyu, yau na'ura tana iya yin sa. Akwai manhajojin da ke karanta duk rubutun da ke fuskar kwamfuta ko waya da murya. A kwamfuta akwai JAWS, da NVDA wadda wasu makafi biyu 'yan ƙasar Ostareliya suka soma a 2006, kuma kyauta ake ba da ita. A wayoyin Android akwai TalkBack, a iPhone kuma akwai VoiceOver. Makaho yana shafa fuskar waya, tana gaya masa abin da yatsansa ya taɓa. Da wannan yake karanta wasiƙa da jarida da littafi, ba tare da ya jira kowa ba.

Doka ma ta buɗe hanya. A 2013 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Marrakesh na Maroko, wadda ta halatta a mayar da littafi zuwa sigar da makafi za su iya karantawa ba sai an nemi izinin mai haƙƙin mallaka ba, kuma Nijeriya ta amince da ita a 2017. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, sa'an nan a 2023 ya sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka da ta shigar da wancan sassauci.

Duk da haka, manhajar nan rubutu take karantawa, ba ta ganin hoto. Idan aka ɗauki hoton takarda da waya, ko aka sa littafi a na'urar ɗaukar hoto aka mayar da shi PDF, mai ido zai ga rubutu rangaɗaɗau, amma a wurin manhajar shafin wayam yake. Akwai manhajojin da ke ƙoƙarin tsamo haruffa daga hoto, sai dai sukan yi tuntuɓe da Hausa, musamman haruffanmu masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ. Yawancin tsofaffin littattafan Hausa da ke yawo a wayoyi irin wannan hoton ne. Abin takaici, makahon yau zai iya samun Imfiraji a wayarsa, aikin makaho ɗan'uwansa, amma ya kasa karanta ko layi ɗaya.

Wannan magana ba ta wasu can ba ce. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa kimanin mutum 4 cikin 100 na 'yan Nijeriya da suka kai shekara 40 makafi ne, kuma yanar ido da hawan jinin ido su ne kan gaba wajen jawo hakan. Mu duka mun wuce arba'in, malamanmu kuwa ba a magana. A nan ƙasarmu ga kuma amodari da ya daɗe yana damun mutanen karkara. Akwai ɗan ajinmu, ba sai na kama suna ba, wanda a da shi ke karanta mana sanarwa a taron safe, yau hawan jinin ido ya rufe masa gani. Ya koyi aiki da manhajar waya, yana karanta saƙonninsa da kansa. Amma da wani ofis ya aiko masa da takardar haƙƙinsa na barin aiki a hoto, sai da ya kira yaron maƙwabta ya karanta masa, kafin magariba unguwa ta san abin da za a biya shi. Da ya ba ni labari, ba kuɗin ne ya dame shi ba, sirrinsa da ya fita ne. Wa ya san gobe wa zai shiga wannan hali a cikinmu?

Abin Da Za Mu Iya Yi

Da yawa daga cikinmu yau shugabannin makarantu ne, ko ma'aikata a sakatariya a Dutse, ko a ƙananan hukumomi da asibitoci, kuma takardu suna fita ta hannunmu kullum. Ga shawarwarina, kuma babu wadda ke cin kuɗi a cikinsu.

Na farko, a aika da rubutu a matsayin rubutu. Idan dole ne a tura hoton takarda saboda hatimi da sa hannu, a haɗa da ainihin rubutun da aka buga, ko a kwafe shi a cikin saƙo. Gwaji mai sauƙi shi ne, in kana iya zaɓar kalma ka kwafe ta daga cikin takardar, to manhaja ma za ta iya karanta ta.

Na biyu, a yi amfani da haruffa masu lanƙwasa na ainihi, waɗanda yanzu akwai su a madannin Hausa na waya da kwamfuta. Tsofaffin haruffan da muka saba da su a shekarun baya aron wasu alamomi suka yi, shi ya sa in an buɗe takardar a wata na'ura sai ka ga }asa a maimakon ƙasa, da ]aya a maimakon ɗaya. Mai ido zai cinka, amma manhaja sunan alamar za ta kira, ma'ana ta watse. Dama sau da yawa muryar Turanci ce ke karanta wa makaho Hausa, kuma rubutunmu ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, har gari na zama da gari na tuwo duk kamarsu ɗaya a takarda. Kada mu ƙara masa wani nauyin.

Na uku, a doguwar takarda a sa kanun magana ta hanyar da Word ya tanada, ba a ƙara wa haruffa girma kawai ba. Da waɗannan kanun ne makaho ke tsallakawa daga babi zuwa babi, kamar yadda mai ido ke buɗa shafuka. Jadawali kuma a yi shi mai sauƙi, kowane layi da kansa.

Na huɗu, kowane hoto a rubuta masa bayani na jimla ɗaya ko biyu, a faɗi su wane ne a ciki da abin da ake yi. A kuma guji ƙananan haruffa da rubutu mai dusashewar launi, saboda masu raunin gani sun fi makafi yawa.

Na biyar, kada a manta da kurame. Saƙon murya rahama ne ga makaho, amma kurma ba ya amfana da shi. Muhimmiyar sanarwa, kamar ta taro ko ta rasuwa, a fitar da ita a rubuce da kuma murya.

Ina kuma roƙon shugabannin ƙungiyarmu da mu fara da kanmu. Wannan mujalla da bayanan taronmu a riƙa fitar da su a sigar da manhaja ke karantawa, a kuma sami masu sa kai su naɗi muryarsu suna karanta ta don malamanmu da idonsu ya yi rauni. Sun karanta mana muna yara, lokaci ya yi da za mu rama wa kura aniyarta ta alheri.

Kammalawa

Da a ce malaman Zariya sun rufe littattafansu sun yi karatu a zuci, da Hausa ba ta sami Imfiraji ba. A ƙauyukanmu na Jahun da Aujara da Harbo da Miga da Kiyawa akwai yara marasa gani masu kaifin basira, kuma abin da zai kai su ga ilmi ko ya tare su yana iya zama takardar da ɗayanmu zai buga gobe da safe a ofis. Allah ya jiƙan Alhaji Aliyu Namangi da waɗanda suka karanta masa. Allah ya gafarta wa malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare mana ganinmu da jinmu, ya kuma ƙara haɗa kan wannan ƙungiya tamu, amin.